Ƙwaya Uku A Aljihun Fasto

Ranar Asabar ce, la'asar ta yi sanyi, ina tsakar gida ina tuƙa tuwon dawa. Miyar busasshiyar kuɓewa tana gefe a kan garwashi, na cika mata daddawa yadda yake so. Kwana uku ke nan mijina yana taron azumi can wajen Saji, a ranar zai dawo ya sha ruwa a gida. Sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ba kukan babur ɗinsa ba ne.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, don kada ku ruɗe. Sunana Hansatu. Mu Hausawa ne, Kiristoci, tun zamanin kakana. Unguwarmu tana bayan Fammar a ƙasar Kibiya, gidaje ba su cika arba'in ba, da majami'a ɗaya mai rufin kwano. Mijina Ishiyaku shi ne fastonmu. 'Yarmu ɗaya, Rahma.

Mutum biyu suka shigo. Kawu Manu, yayan mahaifiyata, wanda shi ne shugaban dattawan ikilisiya. Bayansa Fasto Mika'ilu, abokin aikin mijina daga ɓangaren Rano.

"Maman Rahma, ajiye muciyar nan," in ji Fasto Mika'ilu.

"Ina Baban Rahma?"

Kawu ya cire hula.

"Ki gode wa Allah," Fasto Mika'ilu ya ce, har da ɗan murmushi. "Irin tafiyar da mijinki ya yi, ni ma ita nake roƙo. A durƙushe ya tafi, yana cikin addu'a."

Ban yi kururuwa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "An ba shi suga?"

"Suga kuma? Mama, azumi fa muke yi."

Na dubi Kawu. Kawu ya dubi ƙasa. Tuwon ya kama ƙauri a tukunya, har yau in na ji ƙaurin tuwo sai zuciyata ta tashi.

Don ku gane wannan tambayar tawa, sai na koma baya shekara biyu.

Kiyashi ne suka fara tona mana. Kullum da safe in na je wanke makewayi sai in tarar sun yi baƙi a inda ya kama ruwa. Ga shan ruwa kamar rani ya shiga cikinsa, ga rama, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Muka hau babur muka je asibiti a Rano, ba wanda muka gaya wa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta magani. Muka je wani kemis kusa da tasha, mai shi sunansa Lukman, Musulmi ne, mutum mai yawan magana da dariya.

"Malam Fasto, barka da shiga ƙungiya," ya ce. "Wannan ƙwayar tana aiki, amma ba ta son yunwa. In ka sha ta ba ka ci ba, suga zai faɗi ƙasa. Za ka ji gumi, rawar jiki, harshe ya harɗe. Hajiya, ko Mama ake ce muku? Mama, ki saurara. In kin ga haka kada ki tsaya tambayarsa, ki sa masa suga a baki, ko lemo, ko zuma. Minti kaɗan zai dawo. In an bar shi, to sai dai wani labarin."

"To," na ce.

"Kuma ku gaya wa waɗanda yake zama da su. Mu limaminmu yana da shi, duk sahun gaba sun sani. Ladan ma da dabino yake yawo a aljihu saboda shi."

Mijina ya yi dariya, ya ce haka za a yi. A kan hanyar gida yana ta tsara yadda zai faɗa ranar Lahadi. Amma ya ce ladabi ne ya fara gaya wa shugaban dattawa.

Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa na ji duk abin da Kawu ya ce.

"Ishiyaku, kana da hankali kuwa? Kai ne kake ɗora wa marasa lafiya hannu. Gobe ka tashi ka ce kai ma da ƙwaya kake rayuwa, wa zai sake kawo maka ɗansa? Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ido yana kanmu. So kake a riƙa cewa faston nasu ma ya kasa roƙa wa kansa?"

"Baba, ai ni ma mutum ne."

"A ɗakinka kai mutum ne. A kan bagade kai fasto ne. Ka sha maganinka ka rufe bakinka."

Yanzu ga inda nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye muku ba. Da Kawu ya fita, mijina ya juyo ya ce, "Maman Rahma, ke me kika gani?" Da na ce masa ya faɗa, da ya faɗa. Na san shi. Amma ni ina son kujerata ta gaba. Ina son yadda mata suke cewa "Mama" suna karɓar jakata, ni da ban wuce aji huɗu ba. Ban so a riƙa kallona da tausayi. Na ce, "Ka bari tukuna."

Ni na nemo wa maganin maɓoya. Cikin 'yar ƙaramar kwalla ta can saman jerena, wadda ba mai buɗewa. In kwalin ya ƙare sai in ƙona shi a murhu. In mata suka ce, "Mama, Fasto yana ramewa," sai in ce, "Azumi ne ya yi masa yawa." Su kuwa su girgiza kai su ce, "Kai, bawan Allah!" Ni kuma in ji daɗi. Tir.

Sau ɗaya ya gwada. Wata Lahadi ya gama wa'azi, ya rufe littafinsa, ya dafa bagade da hannu biyu.

"'Yan'uwa, akwai abin da nake so ku sani game da ni."

Ya dubi Kawu. Ya dubi ni. Ban yi wani abu mai yawa ba, kai kawai na girgiza kaɗan, yadda shi kaɗai zai gani.

"Ina ƙaunarku ƙwarai," ya ce.

Kowa ya ce, "Amin!" Har da tafi.

Da muka koma gida ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ƙarya na yi." Na ce ya ci abinci kada ya huce.

To, a yankinmu muna da wata al'ada. Duk shekara da bazara, kafin ruwan shuka, ikilisiyoyi suna haɗuwa wuri guda a yi azumin kwana uku, daga safe har faɗuwar rana. A rana ta uku da tsakar rana fastoci duka suna durƙusawa a bencin gaba. Dokar ita ce, ba mai taɓa faston da ya durƙusa, ba mai yi masa magana, sai ya tashi don kansa. Kuma ko ba a faɗa ba, kowa yana lura da wanda ya riga tashi da wanda ya daɗe.

Shekarar farko ya tsira, don ina wurin, na san dabarar da na yi. A ta biyu Rahma ta kwanta da zazzaɓi, ban je ba. Da safen da zai tafi na goge masa kaftani ruwan toka, na ɗauko suga na kwali ƙwaya uku na sa masa a aljihun dama.

"In ka ji jikinka ya fara rawa, ka jefa a baki."

"A gaban fastoci goma sha ɗaya?"

"Ka sunkuya mana, wa zai gani?"

Ya yi dariya, ya ja kunnen Rahma, ya tada babur. Ko ya sha maganin a safiyar ranar ta uku, ko bai sha ba, Allah kaɗai ya sani. Ni dai da aka dawo da jakarsa na ƙirga ƙwayoyin maganin, babu guda uku.

Jumai, shugabar zumuntar mata, ita ta ba ni labarin yadda aka yi, a zaman makoki, fuskarta tana haske kamar mai ba da labarin biki.

"Mama, da kin gani! Ana durƙusawa ba a jima ba gumi ya keto masa, rigar ta jiƙe sharkaf. Sai jikinsa ya ɗauki rawa. Sai ya fara wata magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Muka ce Ruhu ya sauko, muka ƙara buga tulun kiɗa. Wata tsohuwa ta ɗebo ruwa za ta kai masa, Fasto Mika'ilu ya ɗaga hannu ya ce kada kowa ya taɓa shi, yana gaban Ubangiji. Sauran fastoci duk suka tashi, shi yana nan, goshinsa a kan benci, hannunsa ɗaya a aljihu kamar yana riƙe da wani abu. Waƙa bakwai muka yi a kansa."

Waƙa bakwai. Mutum sama da ɗari uku, mai shayi yana bakin titi da buhun suga, su suna kiɗa a kan mijina yana mutuwa.

"Kawu yana wurin?" na tambaye ta.

"Yana sahun gaba."

Daga baya na tare shi. Ya ce, "Hansatu, sunan ciwon na sani, ban san haka yake yi ba." Na yarda da shi. Ta ina zai sani? Shi ya hana a yi maganar, ta yaya zai yi tambaya?

Da aka kawo mini kaftanin na sa hannu a aljihun dama. Suna nan, su uku. Gumi ya narkar da gefensu sun manne da juna, da shatin yatsu a jiki. Na rataye rigar a ƙusa, da gari ya waye kiyashi sun yi layi daga ƙasa har aljihun.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona mini rai. Aka buga kalanda da hotonsa, a ƙasa an rubuta, "Ya tafi a durƙushe." Zumuntar mata suka fitar da anko da fuskarsa, sai in ga mijina a ɗuwawun mata a kasuwar Kibiya. Aka ɗauko bencin nan a a-kori-kura aka kawo majami'armu, aka lulluɓe shi da farin yadi, mutane suna zuwa daga nesa suna shafawa. Samari masu koyon aikin bishara suka fara gasar daɗewa a durƙushe. Wani tsoho ya ba da shaida cewa ya zubar da maganin hawan jininsa a masai, don yana son bangaskiya irin ta Fasto Ishiyaku. Aka yi masa tafi. Ina zaune a kujerata ta gaba, da farin ɗankwali, ban ce uffan ba.

Wanda aka turo ya maye gurbinsa kuwa, Fasto Mika'ilu ne. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar masa 'ya'ya uku. Dattawa suka ce in zauna a gidan fasto har shekara ta zagayo, shi ya sauka a ɗakin baƙi na jikin majami'a. Wata takwas da rasuwar, saƙo ya fara shigowa wayata. Kullum ƙarfe shida, hoton fure ja, aya a ƙasa, sannan, "Barka da asuba, uwar ikilisiya." Wata rana ya ƙara da, "Gidan fasto ba ya kyau sai da Mama." Wata rana kuma, "Yara sun ce miyarki ta fi ta kowa."

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kyan gani. Dogo, farar shadda mai kari kamar wuƙa, takalmi sau-ciki yana ƙyalli ko da damina, turarensa yana riga shi shiga zaure. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, yau lemo, gobe atamfa, jibi takalmin makarantar Rahma. Kuma ban taɓa ganin ya yi hamma a gaban mutane ba. Ko tari zai yi, sai ya fita waje.

Inna, mahaifiyata, ta tare ni a ɗakina.

"Ke Hansatu, daga fasto zuwa fasto, wace ce ta taɓa samun irin sa'arki? Ko tsintsiya ba za ki ɗaga daga gidan nan ba."

"Inna, ban shirya ba."

"Shekara ashirin da tara, 'ya ɗaya, ba gona, ba sana'a sai ƙuli-ƙuli. Shirin me kike jira? In shekara ta cika ina za ki? Ɗakina da ko awaki sun raina shi?"

"Shi ne fa ya hana a ba shi ruwa."

"To ya sani ne? Ke da kika sani, ina kike?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ta faɗa. Na ce a raina, bai sani ba. Bari in gaya masa in ga irin mutumin da yake.

Ranar Talata da hantsi ya zo, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo masa kunun tsamiya. Na ɗauko 'yar kwallar nan na buɗe a gabansa. Ragowar maganin yana ciki, da dunƙulen sugan a ƙulle a leda. Na gaya masa komai, tun daga kiyashi har maganar Lukman. Na ce, "Abin da kuka gani ba Ruhu ba ne. Suma yake yi. Da an sa masa wannan a baki, da yanzu yana nan."

Ya ajiye kofin. Ina jiran ya ce wayyo. Ina jiran ya dafe kai, ko ya ce, "Ni na hana." Da ya zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya, wallahi da na aure shi.

Ya ce, "Wa da wa ya sani?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

"Maman Rahma, ki fahimce ni. Mutum goma sha bakwai suka tuba saboda labarin nan. Har daga wata jiha ana kirana in je in ba da shi. Allah yana aiki da shi. Za ki rushe wa mutane bangaskiya don ƙwayar suga?"

"Tsohon nan da ya zubar da maganinsa fa?"

"Zan yi masa magana a gefe."

"Kullum a gefe. Fasto, saura wata ɗaya a sake durƙusawa. Cikin fastocin nan ka san wanda yake ɓoye nasa a kwalla?"

Ya gyara hannun rigarsa, ya kakkaɓe wani abu da babu shi.

Na ce, "Ga sharaɗina. Ranar sujadar cika shekara, in an taru a majami'a, ka tashi ka faɗa da bakinka. Ka ce ba ka sani ba, ka ce kai ka hana, ka ce kuskure ne. In ka yi haka, ka turo magabatanka."

"Kin san abin da zai sami aikina?"

"Na san abin da ya sami mijina."

Ya tashi, ya ce zai yi addu'a a kai. Washegari ƙarfe shida fure ya shigo kamar ba a yi komai ba. Na tofar da yawu a gefen gado, abin da ban taɓa yi a ɗakina ba.

Ranar sujadar, majami'a ta cika har waje, an kafa rumfa. Duk inda na juya fuskar mijina ce, a zane, a riga, a ɗankwali. Inna ta ajiye mini nawa ankon a kan gado, ɗinkin riga da zane har da mayafi. Na tsallake shi na ɗaura tsohuwar atamfata mai ruwan ganye, wadda na sa ranar da muka je asibiti. Kawu ya ba ni takarda da ya sa aka rubuta da manyan baƙaƙe don in iya karantawa. Layin farko yana cewa, "Shekara tara muna tare, ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi kuka da shi ba."

Fasto Mika'ilu ya yi wa'azi awa guda. Ina kallon bakinsa, ina jira. Sau biyu ya tsaya ya dube ni, sau biyu ya wuce. Ya rufe da, "Ya tafi a durƙushe!" Jama'a suka amsa. Sai aka ce, "Mama za ta ba da shaida."

Na fita. Na ninke takardar na ajiye a kan bencin da suke shafawa. Na kwance bakin zanena na fito da dunƙulen.

"Kun ga wannan? Suga ne. A aljihun Fasto Ishiyaku na same shi, a hannun da kuka ce yana riƙe da wani abu. Mijina yana da ciwon suga shekara biyu. Ya so ya gaya muku, ni na hana shi. Ranar da ya ce muku yana ƙaunarku, wannan maganar ya tashi faɗa, na girgiza masa kai. Ni na ɓoye maganinsa, ni na ce muku azumi ne ya ramar da shi."

Wata ta ce, "Yesu!"

"A karɓe na'urar nan," in ji Kawu. Wani ya zare waya, lasifika ta mutu. Ai ni mai tallan ƙuli-ƙuli ce tun ina yarinya, ba na bukatar lasifika.

"Ba addu'a ce ta ɗauke shi ba. Sugansa ne ya faɗi, ya kasa fito da wannan daga aljihu saboda idonku. Kunya ya ji kada ku ga fasto yana tauna abu. Ba laifinku ba ne, ba ku sani ba, mu muka hana ku sani. Amma yau kun sani. In kun ga mutum yana gumi yana rawa yana magana ba kan gado, ko fasto ne, ko a durƙushe yake, ku taɓa shi. Baba mai hawan jini, don Allah ka koma ka sayi maganinka. Mijina kullum yana shan nasa."

Kawu ya yi wa masu kiɗa alama, suka ɗauki waƙa, amma rabin majami'a ba su amsa ba, waƙar ta mutu a baiti na biyu. Inna ta rufe fuska da mayafin anko tana kuka, ban sani ba ko na tausayi ne ko na kunya. Fasto Mika'ilu kuwa yana zaune a kujerarsa mai hannu, ya zuba wa takalminsa ido. Bai tashi ba. Bai ce a ƙyale ni ba, bai ce a hana ni ba.

Da aka tashi ba wadda ta karɓi jakata. Na zagaya bayan majami'a don in sha iska, sai ga Jumai ta biyo ni tana waige-waige. Na ɗauka zagi ta kawo. Ta kwance ƙullin ɗankwalinta ta nuna mini wasu fararen ƙwayoyi.

"Shekara huɗu ina sha a bayan rumbu," ta ce. "Ko maigidana bai sani ba. Shugabar zumunta guda."

Ta dubi fuskar mijina a zanenta, ta juya shi ciki ya koma waje, ta sake ɗaurawa.

Dattawa sun ba ni mako guda in bar gidan fasto. Ban cika shi ba, kwana biyu na kwashe. Yanzu ina ɗakin Inna, ni da Rahma da jerena a cikin buhu. Inna ba ta yi mini magana sai ta bakin Rahma: "Ce wa uwarki ta sauke tukunya." Kawu ya ce na zubar da mutuncin ikilisiya a gaban baƙi. Wasu in sun gan ni a rijiya sai su canja hanya. Wasu kuma sai su gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, su riƙe hannuna fiye da yadda aka saba.

Furen ƙarfe shida ya daina zuwa. Kwana huɗu shiru. Jiya da hantsi ina wanki wayar ta yi ƙara. Babu fure, babu aya, babu "uwar ikilisiya." Ga abin da ya rubuta:

"Hansatu, akwai abin da ban gaya miki ba. Bayan sauran sun tashi, na matsa kusa da shi, hannuna ya gogi nasa. Sanyi ƙalau. Raina ya ba ni cewa ba lafiya ba. Amma ni na riga na ce kada a taɓa shi, a gaban kowa. Na ji kunyar janye maganata. Na bari aka ƙara waƙa uku. Tun ranar ba na iya kallon suga a shayi."

Na karanta sau uku, kumfa tana bushewa a hannuna. Sannan, ban san daga ina ba, na ji tausayinsa, don karo na farko ke nan da na ji muryar mutum a bakinsa. Na goge hannuna a zane na rubuta masa:

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ni ba ikilisiya ba ce. Jibi Lahadi."

Ya gani. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Har yanzu bai turo komai ba. Gobe Lahadi, sati mai zuwa kuma za a shiga azumin bazara, fastoci goma sha ɗaya za su durƙusa.

Ni dai kullum da safe, in na gama wanke fuska, sai in buɗe kwalin suga in ɗauki ƙwaya uku in ƙulle a bakin zanena. Rahma ce take ƙirga mini. Yau ta ce, "Mama, wa za ki ba?" Na ce ban sani ba tukuna. Na ja ƙullin da haƙori don kada ya kwance, na ɗauki tulu na fita.